Ƙwallo ta Ɗari ta Dod Coull

Ƙwallo casa'in da tara Dod Coull ya ci wa kulob ɗin Portgarvie, ko ɗaya ba ta ɗoru a kai ba. Ni shaida ne, don tare muka yi wasa shekara goma sha huɗu, shi yana gaba yana ɗaga hannu a ba shi, ni ina gefe ina gudu kamar kare ya biyo ni. Yanzu ni ke aske ciyawar filin ina ja masa farin layi. In ka tambayi Dod kuwa zai ce maka ɗari ne cif. In ka bari ya kai kofi na biyu a mashayar bakin tashar jiragen ruwa, sai su koma ɗari da ɗoriya, har da wata da ya ce daga tsakiyar fili ya buga ta, ta yaga raga ta kashe tsuntsu a sama.

A shekarar da ya yi ritaya an yi masa liyafa, an ba shi agogon bango, an yi jawabai har limamin coci ya share hawaye. Bayan sati biyu Wilma Slater, sakatariyar kulob, wadda ta gaji littafin tarihin wasanninmu daga babanta, ta zauna ta bi shi shafi-shafi. Sai ta gano cewa ɗaya daga cikin ɗarin nan a ragarmu ya zuba ta. Cin gida ne, da ka kuma, kyakkyawa, golanmu ko motsi bai yi ba.

"Raga raga ce," in ji Dod. Shekara talatin yana faɗin haka.

"Ragar mutane ake nufi," in ji Wilma. Ita ma shekara talatin.

A ɗakin shan shayi na kulob akwai wani allon katako mai sunaye huɗu da aka rubuta da ruwan zinariya. Dokar kulob ta ce duk sunan da ya cika ƙwallo ɗari a littafi, a hau da shi allon. Ƙarƙashin suna na huɗu akwai sauran fili, kuma na sha kama Dod yana auna filin nan da tafin hannu in ya ɗauka babu mai kallo. Mutanen gari ba su da tausayi, suka laƙaba masa Saura-Ɗaya. Haka ake kiransa a kanti, haka ake kiransa a coci, jikarsa ma da ta fara magana abin da ta fara kiransa ke nan. Yana dariya in an faɗa, amma ni na san abin yana ci masa rai.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Satin wasan ƙarshe na kakar bara, 'yan wasanmu huɗu suka maƙale a rijiyar mai ta tsakiyar teku saboda iska, biyu mura ta kwantar da su, ɗaya kuma ya tafi ɗaurin aurensa duk da roƙon da aka yi masa. Kocinmu Gregor ya ƙirga ya sake ƙirgawa, mutum goma gare shi. Wasan da Drumtally ne, kuma ko an ci ko an sha kashi babu mai hawa babu mai sauka a tebur.

Ranar Talata muna zaune a ofis ni da Gregor da Wilma, sai ga Dod ya turo ƙofa da sandarsa. Shekararsa sittin da uku, kuma bai fi wata takwas ba da likita ya sa masa ƙarfe a kwatangwalo.

"Gregor, ɗana, kwantar da hankalinka. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga na sha ɗaya ya zo."

"Ina yake, Kawu Dod?"

"Kana kallonsa."

Gregor ya leƙa bayansa ko akwai wani. Wilma ba ta ɗago kai ba ta ce, "An rufe rajistar 'yan wasa tun watan jiya."

"Na sani. Ai ba rajista zan yi ba. Ɗan gwaji zan shiga."

A nan ƙasar, kulob na iya saka wanda bai yi rajista ba a matsayin mai gwada sa'a. Ba a rubuta sunansa a takardar wasa, don kada wani kulob ya ji labari ya riga mu ɗauke shi. Ɗan Gwaji kawai ake rubutawa, haka jarida ma take bugawa. Yawanci yara ne 'yan shekara sha tara masu ƙuraje a fuska.

Wilma ta ajiye alƙalami. "Dod, akwai abin da ya kamata ka sani game da wannan."

"Ni za ki koya wa dokar ƙwallo? Ina cin ƙwallo kina wasan 'yar tsana."

"Saurara dai. In ka shiga a ɗan gwaji…"

"Riƙe bakinki, Wilma. Abu ɗaya nake so, kada sunana ya fito ko'ina. Ba a takarda ba, ba a lasifika ba. Ki yi min alkawari."

"Ka tabbata?"

"Sa hannu zan yi miki?"

"Ba laifi in ka sa," in ji ta. Ta rubuta layi biyu a takarda, ya rattaba hannu har da ƙawa a ƙarshen sunan.

Dalilin ɓoyon kuwa kowa ya san shi. Matarsa Effie ce ke sayar da shayi da soyayyen kifi a tagar ɗakin kulob duk ranar wasa, kuma ranar da aka sallamo shi daga asibiti ta faɗa a gaban jama'a cewa in ya sake taɓa ƙwallo, da sifana za ta kwance ƙarfen nan ta mayar wa masu shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Dod ya ware kwana uku na atisaye. Ranar Laraba ya fita gudu a kan katangar tashar jiragen ruwa. Taku ɗari biyu ya yi, ya zauna a kan akwatin kifi ya kasa tashi. Masunta suka ɗora shi da akwatin a baro suka tura shi har ƙofar gida, tsuntsayen teku na biye da su suna ihu. Ya gaya wa Effie wai ya je duba ingancin kamun bana ne.

Ranar Alhamis ya zo filina koyon bugun fenareti, babu gola a raga. Sau goma ya buga. Uku suka faɗa teku, biyu suka tsallaka maƙabarta, ɗaya ta kifar min da bokitin farin fenti, sauran huɗun ƙafarsa ba ta same su ba.

"Iska ce, Ecky," ya ce da ni.

"Tutar kwana ko motsi ba ta yi, Dod."

"Iskar ƙasa ce. Ku 'yan gefe ba ku san ta ba."

Ranar Juma'a ya nemi tsofaffin takalman wasansa, ya tarar Effie ta daɗe da cika su da ƙasa ta shuka furanni a ciki, suna bakin taga. Ya zazzage ƙasar, ya mayar da furannin cikin silifas ɗinsa na ɗaka, ya jera su a wurin yana ganin ba za ta lura ba. Daga nan ya wuce wurin Zander mai rubuta sunayen jiragen ruwa, ya ce masa gobe ya zo fili da tsani da ruwan zinariya, a yi komai a gama a gaban jama'a.

Asabar da ƙarfe uku saura kwata ya fito daga ɗakin sauya kaya. Ya shafe kansa da gashin bakinsa da baƙin man takalmi, ya jawo hular ulu har gira. Rigar lamba tara ta tsaya masa a saman cibiya ta ƙi sauka. 'Yan kallo ɗari biyu da sha ɗaya ne ranar, kuma duk cikinsu babu wanda bai taɓa tsayawa bayan Dod a layin kanti ba.

"Saura-Ɗaya, kai ne?" wani ya kira daga benci.

Dod ya maƙale murya yana kwaikwayon mutanen birnin Glasgow da ke kudu. "Wane ne haka? Ni baƙo ne, daga kudu na zo."

"Baƙo, ya ƙarfen ƙugu?"

"Ban san zancen ba."

"Baƙo, ka dawo min da tsanin da ka ara."

"Na dawo maka da shi tun Kirsimeti," in ji baƙon, da muryar Dod sak. Sai ya tuna, ya yi tari ya ƙara jan hula.

Effie na tagarta tana juya kifi. Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalman da ƙasa ke zubowa daga cikinsu, ta ci gaba da aikinta. Ni da na san ta, a nan na san akwai magana a gaba.

Aka busa usur, aka kuma fara yayyafi. Dabarar Dod ita ce ya je kusa da golan Drumtally ya tsaya ya jira. Cikin minti ashirin aka kama shi da satar gida sau tara, har mai tuta ya gaji ya sauya hannu.

"Baba, ka ɗan koma baya mana," in ji golan, wani dogon saurayi mai suna Calum.

"A zamanina nan nake tsayawa."

"A zamaninka ma satar gida ce."

"Wa ya gaya maka?"

"Kakana. Ya ce kullum tare kuke hira a bakin raga, har ka san sunayen shanunsa."

Kafin hutun rabin lokaci ruwan sama ya narkar da man takalmin, ya gangaro masa ta goshi da kumatu layi-layi. Wani yaro da uwarsa ta ɗaga don ya ga wasa ya fashe da kuka, sai da aka fita da shi. Alƙalin wasa, mai rarraba wasiƙu ne daga garin gaba, ya tsayar da wasa ya tambayi Dod ko jini ne.

"Zufa ce," in ji Dod.

"Baƙa?"

"Haka tamu take a kudu."

Da aka dawo daga hutu, sanyi ya ratsa kowa, kuma labarin allon ya kai kunnen 'yan Drumtally. Kyaftin ɗinsu ya zo wurin Gregor ya ce, "Don Allah mu bar tsohon nan ya ci mu tafi gida." Daga nan wasa ya koma mutum ashirin da ɗaya suna yi wa mutum ɗaya hidima. Namu su ba shi, nasu su kauce. Aka gangaro masa da ƙwallo a hankali kamar ana ba jariri, ya taka ta ya zauna a kanta. Aka ɗago masa ita daidai goshi, ya rufe ido ya yi tsalle bayan ta wuce. Wani ɗan bayan Drumtally ma da kansa ya miƙo masa, Dod ya tsaya yana yi masa faɗa wai bai iya bayarwa ba.

A minti na saba'in kyaftin ɗin Drumtally ya gaji, ya sunkuya ya ɗauki ƙwallo da hannu biyu a gaban ragarsu, ya kai wa alƙalin wasa. Aka ba da fenareti. Calum ya matsa ya jingina da turken hagu, ya nuna wa Dod duk sauran ragar da hannu.

Dod ya ja da baya taku goma sha biyar. Ya nuna kusurwar da zai buga, ya juya ya ɗaga wa 'yan kallo hannu, ya taho. Sai da ya huta sau ɗaya a hanya. Da ya iso ya zabga ƙafa, wani abu baƙi ya tashi ya shige kusurwar sama ta dama, raga ta girgiza, jama'a suka miƙe. Takalminsa ne. Ƙwallon tana nan a kan farin ɗigon da na shafa da safe.

"Raga raga ce, Saura-Ɗaya," wani ya yi ihu.

Alƙalin wasa ya ce tunda bai taɓa ƙwallon ba, ya sake. Ya sake da safa. Wannan karon ya same ta, ta haura raga, ta haura katanga, ta faɗa cikin kwalekwalen wani mai kamun ƙaguwa da ke fita teku. Mutumin ya ɗaga hannu ya yi godiya ya wuce. Ita ce ƙwallonmu ta ƙarshe mai kyau, sai da na shiga ɗakin ajiya na ɗauko wata tsohuwa da muke tokare ƙofa da ita.

Minti tamanin da tara, alƙalin wasa na duba agogo don motar garinsu ƙarfe biyar take tashi. Muka sami bugun kwana. Dod ya buɗe baki iya ƙarfinsa zai ce a ba shi, sai haƙoran robarsa na sama suka yi tsalle suka faɗa cikin taɓo. Calum ya cafke ƙwallon da aka bugo. Ya duba bai ga Dod ba, don Dod ya juya baya ya duƙa yana lalube a ƙasa. Yaron ya fidda rai, ya saki ƙwallon ya narka mata ƙafa don a tashi. Taku uku ta yi ta gamu da ƙugun Dod. Duk filin sai da aka ji ƙarar, kamar an bugi tukunya da ludayi. Ƙwallon ta dawo ta bi ta kan Calum ta faɗa raga, Dod kuma ya kifa da fuska a taɓo.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar a Portgarvie ba, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na yi, har idona ya kawo ruwa. Aka busa tashi. 'Yan wasan ɓangare biyu suka ɗaga shi, mutum shida, suna nishi. Yana sama yana cewa, "Kun ga dabara? Da gangan na juya. Na daɗe ina ajiye wannan bugun."

Aka sauke shi a ɗakin shayi gaban allo, jama'a suka cika har ƙofa. Zander ya riga ya kafa tsani. Dod ya cire hula ya jefar, ya mayar da haƙoransa ba tare da ya wanke ba.

"Jama'a, ɓoyo ya ƙare. Ni ne Dod Coull. Zander, hau ka rubuta."

Wilma ta buɗe littafi a kan tebur, ta gyara tabarau. "Minti na tamanin da tara. Wanda ya ci, Ɗan Gwaji."

"To ai ni ne. Goge ki sa sunana."

"Takardar wasa na aljihun alƙali, alƙali na cikin mota. Ga kuma wannan." Ta ɗaga takardar ranar Talata. "Kada sunana ya fito ko'ina. Hannun wa ye wannan mai ƙawa?"

"Wilma, mutum ɗari biyu sun gan ni."

"To a tambaye su."

Ya juya wurin jama'a. "Ku faɗa mata. Wa ya ci ƙwallon nan?"

"Wani baƙo ne daga kudu," in ji mai tsanin nan da aka ara. "Da bakinsa ya gaya min."

"Baƙar zufa gare shi," in ji wata tsohuwa. "Dod ɗinmu fari ne tas."

"Ecky, kai fa? Shekara sha huɗu muna tare."

Na so in taimake shi, Allah ya sani. Amma Effie ta riga ta fito daga bayan taga tana goge hannu da tawul, jama'a na buɗa mata hanya, kuma ni ma ina son in ci gaba da cin kifi a garin nan. Na ce, "Ruwa ya shiga min ido, ban gani sosai ba."

Dod ya dubi matarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Effie, ke dai kin san mijinki."

"Na san shi mana. Mijina yana gida kwance yana jinyar kwatangwalo. Da safe ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse min ko ƙofa ba zai leƙa ba, kuma Dod Coull ba ya ƙarya." Ta ƙare masa kallo. "Kai dai bawan Allah, ko wane ne kai, takalman nan na furannina ne. Ka ajiye su kafin ka koma kudu."

Ɗakin ya ɗauki dariya har kofuna na rawa. Zander ya fara rufe gwangwanin fenti zai sauko, sai Wilma ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Zander, akwai aiki. Abin da na so in gaya maka ke nan ranar Talata, Dod, ka ce in riƙe bakina. Tun daga littafin kakana zuwa jiya, sunan Ɗan Gwaji ya ci wa kulob ɗin nan ƙwallo casa'in da tara. Da ta yau ya cika ɗari. Doka ta ce duk sunan da ya cika ɗari a hau da shi allo."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Zander ya dubi Wilma, ya dubi Dod, ya tsoma buroshi a ruwan zinariyar da Dod ya sa shi ya kawo, ya fara rubutu a filin nan na ƙarƙashin suna na huɗu.

Dod na tsaye, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya safa, taɓo na ɗiga daga haɓarsa. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe tsawon haka ba, kuma na ji tausayinsa ƙwarai. Tsanin ya ɗan girgiza don daɓen ɗakin ba daidai yake ba. Dod ne ya fi kowa kusa, sai ya miƙa hannu biyu ya riƙe shi, ya ɗaga kai yana bin buroshin da ido harafi bayan harafi.

"Zander," ya ce a hankali, "ƙara wa rubutun kauri. Mutumin nan ya sha wuya kafin ya samu."